Mil Goma Sha Bakwai a Bakin Tafki

Na sauka a garin ranar wata Talata, lokacin a gida ana shirin yankan gero. Akwati ɗaya gare ni, sai takarda mai ɗauke da adireshin ɗakin da na kama ta yanar gizo tun ina Kazaure. Mai tasi ya kai ni lambar, ya tsaya, muka dubi juna. Wurin wankin mota ne. Babu ɗaki, babu mai ɗaki, lambar wayar ma a kashe take. Haka arewacin Amurka ta fara gaishe ni.

Ma'aikatarmu ce ta turo ni kwas na wata goma sha ɗaya a kan madatsun ruwa da noman rani. A ofishin makarantar wata mata ta ga yadda na zauna a kan akwatina, ta ɗaga waya ta kira wata tsohuwa da ke ba ɗalibai hayar ɗakunan saman gidanta. Sunanta Doris. Shekararta sittin da tara, mijinta ya rasu shekara uku kafin zuwana, 'yarta guda tana aure a wani birni mai nisa. Da kanta ta tuƙo mota ta zo ta ɗauke ni. A hanya ta tambaye ni yadda muke kiran babbar mace a garinmu. Na ce gwaggo. Ta gwada kalmar sau biyu a bakinta, ta ce daga yau haka zan riƙa kiranta.

A gidan na tarar da Malam Isuhu, mutumin Matamai ta Nijar, shi ma kwas ɗin ya zo. Ya girme ni da kusan shekara goma. Da na yi masa sallama da Hausa sai da ya ajiye cokalin da ke hannunsa. Ya ce 'yan'uwansa duk mako suna cin kasuwar Ɓaɓura. Mutum ne marar yawan magana, Turancinsa kaɗan ne, Faransanci ya iya.

Sanyin ƙasar ya zo ya same ni ban shirya ba. Dusar ƙanƙara ta rufe ƙofa, rana ta koma faɗuwa tun ƙarfe huɗu da rabi. Ba kiran salla, ba ƙarar a-daidaita-sahu, ba mai ƙwala maka kira daga tsallaken titi. A aji kuwa idan na yi magana sai malami ya karkato kunne ya ce in maimaita, in maimaita, har in ce a bar shi. Ni da a ofis ake kirana idan lissafin ruwa ya rikice, na koma wanda ake yi wa magana a hankali kamar marar lafiya. Gwaggo Doris ce ta ba ni rigar sanyin mijinta. Ita ta gano inda ake sayar da kuɓewa a garin, ta yi tuƙin minti arba'in ta sayo, ta tsaya a kaina tana kallon yadda nake kaɗa miya. Da azumi ya zo ta mayar da lokacin cin abincinta zuwa magariba don kada mu sha ruwa mu kaɗai.

A teburin cin abincin nan na yi ƙaryar da ta jawo komai.

Na nuna mata hotunan gida a waya, duwatsun da suka kewaye Kazaure, da dam, da hanyar Roni da damina. Ta ce lallai mutanen da suka tashi a irin wannan wuri mataka ne. Na ce sosai. Da na ga idonta ya yi haske sai na ƙara. Na ce tun ina yaro nake kora shanu a ƙasa daga Gwiwa, mu ratsa ta Roni, mu faɗo Kazaure, yini guda cur, ba takalmi, da gorar ruwa ɗaya. Na ba ta labarin yadda ake gane hanya da inuwa, da yadda ake jin ƙamshin ruwa kafin a gan shi.

Ko ɗaya ba nawa ba ne. Mahaifina magatakarda ne a ofishin hakimi, a gidan siminti na tashi, tun ina sakandare nake da babur, ko masallacin Juma'a ba na zuwa a ƙasa. Labaran na Baffa Ori ne, Bafillatanin da ke riƙe da shanun mahaifina, wanda ke zama a zaurenmu yana ba mu su muna yara. Na ɗauke su na sa sunana a ciki. A wannan teburin ne kaɗai a duk ƙasar ake saurarona ba a ce in maimaita ba, kuma na ji daɗin hakan.

Malam Isuhu, wanda shi da gaske ya yi kiwo har ya kai shekara goma sha huɗu, bai ɗago daga kwanonsa ba. Tambaya ɗaya ya yi mini da Hausa.

"Tasi'u, a wace rijiya kuke shayarwa in kun baro Gwiwa?"

Na kama sunan wani ƙauye na faɗa. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin abinci.

Da ƙanƙara ta narke, itatuwa suka yi ganye, Gwaggo Doris ta gaya mana ta sa gidan a kasuwa. Idonta ya fara yana, gwiwarta ta dama tana damunta, 'yarta ta matsa mata ta koma kusa da ita kafin wani sanyin. Sai ta ce akwai abu ɗaya da take so ta yi kafin ta bar ƙasar nan. Tafiyar awa biyu a mota daga garin akwai wani tafki, wanda in ka tsaya a bakinsa ba ka hango ɗaya gaɓar, har igiyar ruwa yake yi kamar teku. A gefensa akwai wani ɗan lungu mai farin rairayi inda wani rafi ke zubowa. A nan ita da mijinta suka kafa tanti a makon farko na aurensu. A kwalekwale suka je wancan lokacin, don haka ba ta san hanyar ƙasa ba. Ta ji an ce akwai turba da ke bin gaɓar, ta cikin kurmi da rairayi.

Ta miƙo mini taswira a naɗe.

"Ni ba na ganin ƙananan rubutun nan," in ji ta. "Kai ne masanin tafiya, kuma aikinka awo ne. Ka tsara mana. Mil goma zan iya, sha ɗaya in an bi ni a hankali. Fiye da haka ƙafar nan ba za ta yarda ba."

Na karɓa da hannu biyu. Mako biyu na yi ina wannan shiri, kuma wallahi da zuciya ɗaya na yi shi. Na shimfiɗa taswirar a ƙasan ɗakina. Turbar tana da baki biyu, na yamma da na gabas. Lungun da take nema yana can kusa da bakin gabas. Tsakanin kowace mahaɗa da ta gaba an rubuta lamba: biyu da ɗigo huɗu, uku da ɗigo ɗaya, haka dai. Na tara su, suka ba ni goma sha bakwai. Ni kuwa duk rayuwata da kilomita nake aiki, a makaranta da ofis. Ban ko tsaya tunani ba, na ce kilomita goma sha bakwai, na juya shi zuwa mil saboda ita, ya ba ni goma da rabi. Daidai abin da ta ce za ta iya.

Na ga sarai cewa za a iya shiga ta bakin gabas, a je lungun a dawo, gajeriyar hanya. Amma ta yi mini kaɗan. Ina so a ratsa dukan turbar, a ga ni ne a gaba. Na tsara mu ajiye mota a bakin yamma da ƙarfe takwas, mu huta sau uku, mu isa lungunta wajen ƙarfe biyu, mu zauna awa biyu, sannan mu ƙarasa bakin gabas inda wata ƙaramar bas ke kwasar matafiya da ƙarfe shida ta mayar da su wurin motocinsu. Na rubuta komai a takarda da layi-layi, har da lokacin azahar da la'asar. Na ce gora biyu ta ruwa ta ishi kowa. Na sayi sabon takalmi mai tsada, ban sa shi ko sau ɗaya ba, na ajiye shi sai ranar. Ta ɗauki takardar ta manna a jikin firji, duk maƙwabcin da ya shigo sai ta nuna masa.

Ana gobe tafiya, bayan la'asar, ina naɗe taswirar don in sa a jaka, idona ya faɗa kan ƙasan takardar ta hannun hagu. Ɗan rubutu ne siriri. Ya ce duk nisan da ke cikin taswirar nan da mil aka auna shi.

Na zauna a bakin gado. Na sake tarawa, na sake. Mil goma sha bakwai, wato sama da kilomita ashirin da bakwai. Lungunta yana mil na goma sha huɗu. Kuma gyaran yana nan a gabana ƙarara: mu shiga ta gabas, mil uku zuwa, mil uku dawowa, ko da rarrafe za ta kai.

Na sauko da taswirar a hannu. Na same ta a kicin tana yanka burodi tana 'yar waƙa, ta jera ƙwai dafaffe, ta nannaɗe kaza da ta sayo takanas daga shagon da ke sayar da yankan Musulmi. Ta juyo ta gan ni.

"Ga jagoranmu. Akwai abin da ya rage?"

Abin da zan ce bai fi kalma goma ba. Amma na ga takardata a jikin firji, na tuna maƙwabtan da aka nuna wa, na tuna ta ce aikina awo ne. Na ce a raina rana tana daɗewa a wannan lokacin, in muka ɗaga ƙafa za mu kai, ba wanda zai sani.

"Babu komai, Gwaggo," na ce. "Sai dai mu fita da wuri kaɗan."

Da safe kurmin ya karɓe mu da sanyi mai daɗi. Itatuwa dogaye masu ganye kamar allura, ƙasa taushi kamar an shimfiɗa katifa, ta hannun hagu kana jin ruwa yana dukan dutse. Gwaggo Doris tana tsakiya da sandunan dogarawa biyu, Malam Isuhu a baya sanye da tsohon takalmin kambas ɗinsa, ni a gaba ina ta sauri. Sau biyu ta ce, "Tasi'u, ba shanu kake kora ba yau," tana dariya. Ni ma na yi dariyar, ina duban agogo.

Wajen ƙarfe goma turbar ta sauka kan rairayi. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, kuma ban ji daɗinsa ko na minti ɗaya ba. Ruwa shuɗi har ƙarshen gani, rairayi fari, gumagumai da ruwa ya wanke sun yi fari fat suna kwance. Amma rairayin yana cin ƙafa. Kowane taku sai ka nutse, ka zaro. Abin da na ba minti arba'in a takarda ya cinye mana awa ɗaya da rabi. Ga wasu ƙudaje masu cizo da suka taso mana, suna huda safa. Sabon takalmina kuma ya fara gaisawa da dugadugaina.

Da muka hau kurmi kuma, na hango allon katako a mahaɗa, an sassaƙa rubutu manya-manya, irin wanda ko mai yanar ido zai karanta in ya matso. Na san abin da ke jiki: bakin gabas, mil goma sha ɗaya. Mu da a lissafin da na ba ta saura huɗu da rabi. Na ƙara sauri na riga su isa, na sauke jakata na rataya a kan allon, na jingina bayana da shi kamar mai hutawa.

Na sha yin abubuwan da ban ji daɗinsu ba a rayuwa, amma wannan tsayuwar ita ce ba na son tunawa. Ta iso tana haki, ta ce, "Yaya, muna kan lokaci?" Na ce muna kai. Ta wuce. Malam Isuhu ya tsaya daidai ni, ya sa hannu ya ɗaga gefen jakar, ya dubi lambar, ya sake ta.

"Wannan sha ɗayan na mene ne?" ya tambaya a hankali.

"Wata hanya ce daban, Malam."

Ya dube ni har sai da na kawar da kai.

"Tsohuwar nan ta fara jan ƙafa," in ji shi. "Ka duba sawunta." Ya bi bayanta.

Mun yi azahar a kan wani rairayin, da alwalar ruwan tafki mai sanyin da ke sa haƙori kaɗawa. Da na cire takalmi safata ta manne da jini. Bororo biyu sun fashe a kowace ƙafa. Na juya baya don kada su gani, na mayar da takalmin ina cije leɓe. A sallar nan ban san abin da na karanta ba. Ita kuwa tana zaune a kan gungume tana jiranmu, ta miƙe ƙafar dama tana murza gwiwa, tana kallon gabas.

"Ina jin mun kusa," ta ce da muka idar. "Kamar na san wancan tsinin dutsen."

Ba ta san shi ba. Saura mil shida da wani abu.

Daga nan komai ya riƙa lalacewa a hankali. Ƙarfe biyu ta yi, lokacin da takardata ta ce muna lungun, mu kuwa muna tsakiyar wani hawa mai saiwoyi. Ruwana ya ƙare. Ƙarfe uku ta wuce. Ta daina magana, sai ƙarar sandunanta. Sau ɗaya ta tambaya ko mun ɓata hanya ne, na ce a'a, rairayi ne ya ci mana lokaci. Malam Isuhu ya karɓi jakarta ya haɗa da tasa.

Ni na fara faɗuwa, ba ita ba. Muna gangarowa wani kwari sai jijiyar sharaɓata ta hagu ta ɗaure tamau kamar an ɗaura igiya an ja. Na yi ƙara na zube. Ina ƙoƙarin tashi ta dama ma ta kama. Na kwanta a cikin ganye ina juyi, ni da na ce na yi Gwiwa zuwa Kazaure ba takalmi. Malam Isuhu ya kama tafin ƙafata ya tanƙwaso shi, ya zare takalmin. Gwaggo Doris ta ga safar ta ce, "Ya Ubangiji." Ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ta buɗe ƙaramar jakar magani, ta wanke ƙafata da ragowar ruwan shanta, ta manna filasta. Ta ba ni gishiri a tafin hannu ta ce in lasa.

Tana riƙe da diddigena ta ce, "Tasi'u, na yi tafiyar mil goma sau da yawa a rayuwata. Mun wuce mil goma. Nuna mini inda muke."

Na fito da taswirar. Na nuna mata da yatsa. Na ce mun yi mil goma sha ɗaya, saura uku zuwa lungun, saura shida zuwa bas. Na ce na ɗauka kilomita ne.

Ta saki wata 'yar dariya ta gajiya. "To, kuskure ne. Kowa yana yi. Da ni ma na sa wani ya duba."

Da na bar shi a haka, da ta tafi da wannan. Malam Isuhu yana tsaye a kaina, bai kawar da idonsa daga kaina ba.

"Gwaggo," na ce, "tun jiya na gane."

"Jiya?"

"Da yamma. Kina yanka burodi."

Ta saki ƙafata a hankali ta ajiye a ƙasa.

"Allon da ka rataya wa jaka fa?"

Na ce eh. Tunda na fara, sai na ƙarasa. Na ce akwai gajeriyar hanya ta gabas, mil uku, na gan ta tun ranar farko. Na ce ban taɓa kora shanu ba, ko akuya ban taɓa kiwo ba, labaran na wani dattijo ne.

Ba ta yi faɗa ba. Na so a ce ta yi. Ta dafa sanda ta miƙe da ƙyar, ta juya tana kallon ruwa ta tsakanin itatuwa, ta daɗe a haka. Da ta juyo, ba ni ta yi wa magana ba.

"Isuhu, karɓi takardar nan. Fitar da mu."

Malam Isuhu ya duƙa a kan taswirar. Bai iya karanta Turancin ba, amma ya ga wani ɗan layi mai ɗigo-ɗigo da ya bar gaɓa ya nufi kudu, zuwa wata hanyar mota ta cikin daji, mil ɗaya da rabi. Ya dubi rana, ya dubi ƙafarta, ya dubi tawa. Ya ce da ita cikin guntun Turancinsa, lungun ba yau ba. Ta gyaɗa kai.

Mil ɗaya da rabin nan ya ɗauke mu kusan awa biyu. Ya rataya jaka uku. Ya sare mini reshe na dogara. Inda hanya ta yi laka sai ya tsallakar da ita, ya dawo ya tsallakar da ni. A wani wuri da ta yi gaba kaɗan na ce masa, "Malam, ka yafe ni."

"Ni me ka yi mini?" in ji shi. "Tun ranar rijiya na sani. Ƙauyen da ka faɗa ba ya kan hanyar. Na yi shiru don na ga kana jin daɗi, na ce hira ce. Da allon nan ma na gani na yi shiru. Ni ma ina da nawa a ciki." Ya gyara jakunkunan. "Taka a hankali, akwai saiwa."

Mun fito kan hanyar tsakuwa wajen ƙarfe shida, rana tana nan da sauranta. Ba waya mai sabis, ba gida, ba kowa. Muka yi la'asar a makare a gefen hanya, muka zauna. Iska ta taso daga tafki, gumin jikina ya huce, na fara rawar sanyi har haƙorana suna haɗuwa.

Gwaggo Doris ta jawo jakarta. Daga can ƙasa ta fito da ƙaramin filas da wani tsohon kofin kwano shuɗi, duk bakinsa ya ɓantare. Ban taɓa ganinsa a kicin ba. Ta riƙe shi a cinya na ɗan lokaci.

"Na mijina ne," ta ce. "Da shi muka sha gahawa a can. Na ce yau zan zauna a wurin in sha da shi."

Ta buɗe filas ɗin, ta cika kofin, ta miƙo mini.

Na ce a'a, Gwaggo, don Allah.

"Kana rawar sanyi. Sha."

Na sha. Tana kallon hanya, ni ina kallon cikin kofin.

Wani mai akori-kura da ya fito daga yankan itace ne ya tsince mu. Bai tambaye mu komai ba, ya ture karensa gefe, ya sa ta a gaba, mu a baya kan itacen, ya yi tafiyar da ba tasa ba har wurin motarmu. Malam Isuhu ne ya tuƙa mu gida, don ƙafarta ba ta iya taka birki.

Gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Likita ya zuƙe ruwa a ciki, ya ce ba doguwar tafiya sai bayan aiki, aikin kuma sai ta koma wurin 'yarta. Mako uku tana kwana a falo saboda ba ta iya hawa bene. Ni nake yin cefane, ni nake share gida, ina yanke ciyawa, duk abin da hannuna ya kai. Tana cewa na gode. Ba ta canja mini fuska ba, ba ta daina ajiye mini abinci ba, amma hirar tebur ta mutu. Sau ɗaya na ce mata na bincika, akwai masu ba da hayar jirgin ruwa, za a iya kai ta lungun ba tare da ta taka ba. Ta ce ta yi tunanin haka, amma likita ya hana ta shiga da fita jirgi a kan rairayi, ga masu sayen gida suna jira. "Bar shi, Tasi'u," ta ce. "Ya wuce."

Ranar da za ta tashi, 'yarta ta zo da babbar mota. Ni da Malam Isuhu muna fitar da kwalaye. Maƙwabta suka taru a tsakar gida suna sallama. Wata maƙwabciya, cikin waɗanda aka nuna wa takardata a jikin firji, ta riƙe hannunta ta ce, "Af, ban tambaye ki ba. Kin kuwa ga wurin naku?"

Ina tsaye taku uku daga gare su, da kwalin kwanuka a hannu.

"Ban kai ba," in ji Gwaggo Doris. "Ƙafar nan ce ta ƙi. Na ɗauka har yanzu yarinya ce ni." Ta nuna ni da sandarta. "Su dai sun yi ƙoƙari da ni."

Matar ta juyo ta yi mini murmushi, ta ce Allah ya yi mana albarka da muka kula da ita. 'Yarta ma ta ce ta gode, ta ce mahaifiyarta ba ta jin magana, tun farko bai kamata ta je ba.

Gwaggo Doris ta dube ni. Ba harara ba ce, ba kuma roƙo ba. Kallo ne kawai, na ɗan lokaci, kamar ta bar mini ƙofa a buɗe ta ga ko zan shiga. Na buɗe baki. Mutum shida ne a tsakar gidan, duk suna murmushi.

Na ce, "Wannan kwalin a gaba za a sa shi ko a baya?"

'Yarta ta ce a baya. Na kai shi baya.